Yadda Ake Shirya Kifin Banda Don Kasuwannin Kudu

Ya kai masunci, kifin da ake bandarsa a Baga da Kainji, da yawansa Anaca ake kai shi, wani ya zarce Inugu da Fatakwal, inda fatakenmu ke sayar da shi. Iskar can tana da laima, saboda haka kifin da bai bushe sosai ba yakan yi fumfuna, tsutsa ta cinye shi, kuɗinsa ya faɗi.

Don kauce wa wannan asara:

1. Ka fitar da kayan ciki, ka wanke kifin da zarar ka kama shi.
2. Ka tsoma shi cikin ruwan gishiri, domin gishiri yana rage ɓarnar ƙwari.
3. Ka banda shi a hankali har ya bushe ƙayau, ya huce kafin ka zuba a kwali.
4. Kada ka kuskura ka sa masa maganin ƙwari irin Gammalin 20. Guba ce ga mai ci.