Bashi da Gyaran Gida: Wanne Muridi Zai Gabatar?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da aminci su tabbata ga shugaban halitta da alayensa da sahabbansa.

Idan damina ta ƙarato, magidanci yakan shiga tsaka mai wuya: soro yana yoyo, mai shago kuma yana jiran kuɗinsa. Shari'a ba ta ɗauki bashi da wasa ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da ajalinsa take. Buhari kuma ya ruwaito cewa an kawo gawar wani da ake bi bashi, Annabi (SAW) bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya.

Saboda haka muridi ya raba gyara kashi biyu. Na larura, kamar toshe yoyo, yaɓen bango da gyaran indararo, yana gaba, domin matsugunin iyali haƙƙi ne a kansa. Na ƙawa, kamar fenti da sabuwar ƙofa, ya jira sai an sauke haƙƙin mutane.

Ya je wurin mai binsa da ƙafarsa, ya faɗi gaskiyar halinsa, su yanke abin da zai riƙa kawowa, ko jika ɗaya ce kowace ranar kasuwa. Ya sanar da uwargida, don cefane ya daidaita da samu.

Lazimi da wazifa suna wanke zuciya, amma haƙƙin bawa sai an biya ko mai shi ya yafe.

Allah Ya sauke wa ƴan'uwa nauyinsu. Amin.