Darasi: Ilmin Ɗiya Mace da Neman Halal

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah, da alayensa, da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa Musulmi, ku sani neman ilmi wajibi ne a kan namiji da mace, kuma dukiyar da mace ta samu ta hanyar halal mallakarta ce. Nana Hadiza (R.A.) ƴar kasuwa ce. Nana Zainabu ƴar Jahshi tana jimar fata da hannunta, tana sadaka da abin da ta samu. Rufaida kuwa ita ce mai jinyar waɗanda suka yi rauni a yaƙin Handaƙ.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta ta ƙasar Gobir a 1754, ya zargi mazan da ke barin matansu da ɗiyansu cikin jahilci, a littafinsa Nurul Albabi. Ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa Ƴan Taru, tana tura jajoji ƙauyuka su karantar da mata.

To, mu dubi halinmu. Matanmu ba su zaune banza: suna tatsar man gyaɗa, suna ƙuli-ƙuli, suna kiwon awaki, suna noman gayauna. Amma sana'ar cikin gida tana bukatar mai kai ta kasuwa, sai a ɗora wa yarinya tiren talla, ta bar allo, ta bar lakwal. Ta girma ba ta iya karatu ba, ba ta iya rubuta lissafin jarinta ba, aikin albashi kuma ya gagare ta. Ran da mijinta ya rasu, ita da marayunta sai abin da Allah ya yi.

Ga kuma abin mamaki: mutum ya cire ɗiyarsa daga makaranta, amma ran da matarsa ke naƙuda ya ce sai likita mace. Ɗiyar wa za ta zama likitar?

A 1991 aka fara asusun Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, mata suka nuna sun iya adashi da riƙon amana. A 2017 kuma gwamnati ta fitar da doka ta kare karatun ƴan mata. Saura namu: uba ya sauke wa ɗiyarsa talla a lokacin karatu, miji ya ba matarsa izinin zuwa Islamiyya da yaƙi da jahilci, masu hali su taimaka da kuɗin littattafai, a kiyaye sutura da mutunci.

Allah ya ba mu zuriya ɗayyiba mai ilmi mai amfani. Amin.