Darasi na 9: Yaushe Ake Rage wa Mangwaro Rassa Idan Ya Yi Cunkoso?

Jagora ta buɗe zama da tambaya: wace ce a cikinmu take da mangwaro a gida ko a lambu wanda gorar tsinka ta daina kaiwa samansa? A bar mata su yi magana tukuna. Za a ji mai cewa nata ya rufe fangalin alayyahu da inuwa, wata ta ce rassa sun hau rufin ɗaki, wata kuma ta ce 'ya'yan kirki duk suna can ƙololuwa, tsuntsaye da jemagu ke sha, abin da ya faɗo kuma ya fashe ba ya sayuwa. Duk wannan kuɗi ne ke zuba ƙasa, kuɗin da zai iya zama zubin makonni.

Maganin dai a rage rassa. Amma lokacin da aka rage shi ne ke raba mai riba da mai asara.

Kuskuren hunturu

Yawancinmu da sanyi muke tunawa da bishiya. Ana neman itacen girki da na jin ɗumi, ga kayan lambu suna son rana, sai a ce wa yaro ya hau da adda. To, a nan ake yin ɓarnar. Mangwaro a kan bakin reshe yake fure, ba a jikin gindi ba, kuma sanyin hunturu ne ke taso furen, tsakanin Disamba da Fabrairu. Duk reshen da aka sare a wannan lokaci, an sare shi ne da mangwaron da za a sayar a bazara. Garin neman gira an rasa ido ke nan.

Lokacin da ya dace shi ne da zarar an tsinke 'ya'yan ƙarshe. A yawancin garuruwanmu wannan yana faɗowa a watan Mayu ko Yuni, gwargwadon irin mangwaron, daidai saukar ruwan farko. Kada a wuce mako 2 zuwa 3 bayan tsinka. Ga dalili. Idan aka yanke, bishiya za ta yi sabon toho. Kun san shi ai, ganye ja-ja mai laushi, daga baya ya koma kore mai haske, sannan ya yi duhu ya yi kauri. Sai ya kai wannan matakin na ƙarshe yake iya fure, kuma hakan na cin watanni. Tohon da ya fito a Yuni yana da damina gaba ɗaya da kaka ya ƙosa kafin sanyi. Wanda aka jinkirta har Satumba kuwa, sanyi zai same shi yana jariri, sai ya ba ku ganye kawai.

Mun san a watan Yuni hankalin kowa yana gona, ana shuka. Shi ya sa aikin ke wucewa kowace shekara. Gara ƙungiya ta sa ranarsa tun ana tsakiyar tsinka, a kuma zaɓi ranar da gari ya bushe, don yanka a cikin ruwa yana buɗe wa cuta ƙofa.

Kada a gama da ita rana ɗaya

Bishiyar da ta shekara goma ba a taɓa ta ba, ba a gyara ta a wuni guda. A raba aikin shekara 2 ko 3, kowace shekara kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku. Shekarar farko a fara da busassun rassa, da masu ciwo, da waɗanda ke gogar juna, da duk wanda kauci ya kama. Sannan a cire babban reshe ɗaya ko biyu daga tsakiya, waɗanda suka miƙe sama sak, don rana da iska su shiga. Cunkoso ne ke riƙe laima, laima kuma ita ke kawo baƙin tabon nan da ke sa mai saye ya taya da wulaƙanci. Shekara ta biyu sai a sauko da tsayin, a nufi mita 4 zuwa 5, inda gora za ta kai ba sai an hau ba.

Zarto ya fi adda, don adda tana farfasa reshe ta bar wurin da ruwa zai kwanta. Idan reshen babba ne, a fara yanka shi kaɗan ta ƙasa, sannan a gama ta sama, in ba haka ba nauyinsa zai yago ɓawo har gindi. Kada a bar dogon kututture, kada kuma a shafe har cikin jikin bishiya. Akwai ɗan kumburi a gindin kowane reshe, a gabansa ake yanka. Manyan rassan da suka saba da inuwa, yanzu rana ta same su kai tsaye, a shafa musu farar ƙasa don kada ɓawon ya ƙone.

Masu mangwaro mai aure, ku kula fa. Ku nemi wurin auren a gindi, kada a yanke ƙasa da shi. Duk tohon da ya fito ƙasa da auren na uwar gindi ne, a cire shi, in ba haka ba zai danne mai kyan.

Hawa kuwa ba aikin ƙananan yara ba ne. A sami babba wanda ya iya, a biya shi, a duba ko akwai rina ko zuma tukuna, a kuma kore yara daga ƙarƙashi. Ruwan da ke fita daga yankan yana ƙona fata, a kiyaye ido. Idan bishiyar ta maigida ce ko ta gado, a yi shawara kafin a ɗora zarto. Rassan da aka cire a jingine su su bushe sarai; ga itacen hunturun nan ya samu tun da wuri.

Lissafin aljihu

A faɗi gaskiya: shekarar da ta biyo bayan babban yanka, 'ya'ya kan ragu, wani lokaci ma bishiyar ta huta gaba ɗaya. Saboda haka wadda ta ci rance tana dogaro da mangwaron baɗi ta biya, ta tsaya a kan busassun rassa da kauci, ta bar babban aikin sai ta sauke bashi. Mai bishiya uku kada ta taɓa su duka a shekara ɗaya. Zarto kuma ba sai kowa ta saya ba; ƙungiya na iya sayen guda ɗaya a rubuta shi cikin kayanta, mai ara ta dawo da shi a wanke.

Kada a ɗauki wannan ƙa'ida a ɗora wa kowace bishiya. Zogale, alal misali, ganyensa ake nema, ana iya datse shi daidai ƙugu duk lokacin da yake samun ruwa, ya sake tohowa.

Aikin mako: kowace mace ta tsaya a gindin mangwaronta da tsakar rana ta dubi ƙasa. Idan babu ɗigon hasken rana ko kaɗan a cikin inuwar, ta ƙirga manyan rassan da ke tsakiya, ta zo da adadin a zama mai zuwa, tare da watan da ta gama tsinka bara. Da shi za mu tsara wadda za a fara da bishiyarta.