Fiyus, Laima da Haƙorin Ɓera: Abin da Ke Kashe Wutar Caji a Motocin Haya

A garin Miga da ƙauyukan da ke bakin kogin Haɗeja, ƙananan motocin haya irin su Sharan da Sienna su ne ke jigilar mutane da buhunan shinkafa da busasshen kifi zuwa Jahun da Gujungu da Haɗeja. A gaban direban kowace irin wannan mota akwai wani ɗan rami da ake kira laita. Asali an yi shi ne domin kunna taba, amma yau cajin wayar hannu ake yi da shi. A inda wutar gari ba ta zama, mutuwar wannan rami ba ƙaramin rashi ba ne, kuma sau da yawa alama ce ta wata matsala da ke ɓoye a cikin motar.

Lantarkin mota yana tafiya ne a zagaye, kamar yadda jini ke fita daga zuciya ya komo mata. Wuta takan taso daga batir mai ƙarfin bolt 12, ta ratsa fiyus, ta isa tsakiyar ramin laita, sannan ta koma batir ta wata waya da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar. Duk inda wannan zagaye ya katse, wuta ta tsaya. Saboda haka mai bincike zai fara ne da abu mafi sauƙi. Ya gwada cajar a wata mota, domin cajojin kasuwa sun fi komai saurin lalacewa. Ya murɗa makulli, tun da a motoci da dama laita ba ta samun wuta sai an murɗa shi. Daga nan ya zare makullin, ya haska cikin ramin da tocila. Ɗan ƙarfen da ya karye daga bakin caja kan maƙale a ciki ya haɗa waya da waya.

In duk wannan lafiya, sai a nufi akwatin fiyus, wanda galibi ke ƙarƙashin sitiyari ko kusa da inji. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi da rauni da gangan, domin ya narke idan wuta ta wuce kima, kafin wayoyin mota su yi zafi. Launinsa kan nuna ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, rawaya 20. Lissafin ba shi da wuya. A ninka bolt 12 da amfiya 10, za a sami wat 120. Wannan shi ne iyakar abin da laita mai jan fiyus za ta ɗauka. Cajin waya ba ya kusantar wannan adadi, amma injin hura taya ko na'urar dafa ruwa na iya zarce shi.

A nan ne kuskuren da ya fi haɗari yake. Wasu direbobi, kai har da wasu masu wayarin, idan fiyus ya ƙone sukan naɗe shi da zaren waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli, ko su sa wanda ya fi shi ƙarfi. Wuta za ta dawo kam, amma an cire mai gadin. Zafin da waya ke yi yana ƙaruwa ninki huɗu idan wutar da ke bin ta ta ninka biyu, don haka robar da ta lulluɓe wayar ce za ta narke a madadin fiyus, kuma a mota mai cike da fasinjoji da galan ɗin fetur a but. Fiyus ɗin da aka sauya ya sake ƙonewa nan take bai yi laifi ba. Shaida ce cewa wata waya ta saɓule tana taɓa ƙarfe.

Me ke saɓule waya a fadama? Na farko laima. A shekarun ambaliya irin ta 2022, wadda ta mamaye sassa da dama na Jihar Jigawa, motoci kan ratsa ruwa har ya shiga ƙarƙashin kujeru, inda tarin wayoyi ke bi a ƙasan kafet. Ruwan kan bushe, amma laka takan riƙe danshi, tagullar waya ta yi kore, kusoshin da suka ɗaure wayar komowa su yi tsatsa. Alamar wannan ita ce wuta mai zuwa tana ɗaukewa, ko fitila mai dushewa idan an danna hon. Maganinsa a kwance kusoshin, a goge wurin da sanfefa har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure tam.

Na biyu ɓera. Haƙoran gaba na ɓera ba sa daina tsiro muddin yana raye, dole ne ya riƙa gwigwiyar abu mai tauri domin ya rage tsawonsu. Idan ruwa ya cika ramukansa a gona yakan nemi tudu, kuma motar da ta kwana da ƙamshin kifi da tsabar shinkafa masauki ne mai ɗumi. Kashinsa da tarkacen tsumma a bayan dashbod sun isa shaida. Wayar da ya ci sai a yanke wurin, a haɗa da sabuwa mai kauri ɗaya, a rufe da kyau. Naɗe ta da leda ba gyara ba ne.

Idan kuma ba laita kaɗai ba, har rediyo da fitilu sun yi rauni, sai a auna batir da mita. Cikakken batir yakan nuna wajen bolt 12.6 idan inji na kashe, ya haura zuwa wajen 14 idan an tayar da shi. In allurar ba ta ɗaga ba bayan inji ya tashi, to a duba na'urar da ke cajin batir da kuma bel ɗin da ke juya ta.