Darasin Wannan Fitowa: Maganin Itatuwa da Gwajin Ɓera

Duk wanda ya taɓa koro shanu daga Damagaram zuwa Maigatari ya san ɗurar sassaƙen maɗaci, kakanninmu ma da shi suka yi ta fama da tsutsar ciki. To yanzu sai ga jiƙo a kwalba ana yawo da shi a kara, mai talla yana rantsuwa wai "an gwada shi a ɗakin bincike". Bari mu ga abin da gwajin yake nufi.

Masana sukan tatso ruwan itacen su busar, su auna, su ɗura wa fararen ɓeraye gwargwadon nauyinsu. Gwajin farko ɗura ɗaya ce, yawanci har miligiram 2,000 a kowane kilo na nauyin jiki, sannan a sa musu ido kwana 14: ko sun mutu, ko sun daina ci, ko suna zawo ko makyarkyata. Galibi wannan ne 'yan talla suke nufi, kuma shi ne mafi sauƙin ci. Mai wuyar shi ne na kullum-kullum, kwana 28 ko 90, inda a ƙarshe ake ɗibar jini, a buɗe cikin dabbar a duba hanta da ƙoda. Akwai maganin da ɓera zai sha sau ɗaya ya ci gaba da tsalle, amma bayan wata guda a tarar hanta ta taɓu.

Sai dai fa ɓera ba sa ba ne, ba ya tuƙa, ba shi da tumbi. Ku dubi angurya: babban sa yana ci ya yi ƙiba, amma in ta yi yawa tana iya kashe ɗan maraƙin da tumbinsa bai ƙosa ba. Saboda haka kada mu yi lissafin kasuwa, mu ce ɓera ya sha kaza, bijimi mai kilo 300 sai a ninka masa. Haka kuma gwajin bai ce maganin yana warkar da sammore ba, wannan wani bincike ne daban.

Kafin mu ɗura, mu tambayi mai kwalba: wane itace ne, ganye ko saiwa, kwana nawa aka yi ana gwajin, an gwada a kan shanu? In ya fara kame-kame, mu kai kwalbar wurin likitan dabbobi na kan iyaka, musamman in saniyar tana da ciki ko sauran 'yan kwanaki a kai sa mayanka.