Abin da Ke Sa Kare Amai

Kai mai karatu, in kana zaune a Lafagu, ko wani ƙauye na ƙasar Bagudo, ka san amfanin kare. Shi ke gadin garke da dare, shi ke raka maharbi cikin daji har iyakar ƙasar Benin. To, in ka ga karenka yana amai, kada ka kore shi da jifa. Tsaya ka duba abin da ya amayar.

Galibi haɗama ce. Ya ci mushe, ko ruɓaɓɓen tuwo, ko ciyawa, ya yi amai sau ɗaya, ya tashi yana kaɗa wutsiya. In babba ne, hana shi abinci sa'a 12, kana ba shi ruwa kaɗan kaɗan.

Wani lokaci tsutsar ciki ce, musamman ga kwikwiyo. Cikinsa ya kumbura, jikinsa ya rame, har ka ga dogayen tsutsotsi farare cikin aman. Maganinta yana wurin malamin dabbobi, a riƙa ba shi kowane wata 3. Karen da ke yawo bakin Kwara kuwa yakan haɗiye ƙayar kifi, ko ƙugiyar masunta, ta tsaya masa a ciki.

Amma abin da ya fi kashe karnuka maza maza shi ne guba, watau maganin ɓera da maganin ƙwarin da ake fesa wa shinkafa da wake. Alamarta dalala mai yawa, da rawar jiki, da zawo. Waɗansu sukan ɗura masa manja ko madara. Wannan ɓata lokaci ne, gama man yakan bi ta huhu ya ƙara masa wahala. Ɗauki karen da kwalbar maganin, ka kai wa malamin dabbobi, domin sunan da ke jikin kwalbar shi zai nuna masa makarin da ya dace.

Akwai kuma wata cuta, sunanta Fabo, wadda aka fara gani a duniya cikin 1978. Takan kama kwikwiyo daga mako 6 zuwa wata 6, da amai da zawon jini mai ɗoyi. Raba shi da sauran nan da nan. Allurar riga-kafi ce ke tsare ta.

Yanzu ka lura da kyau. In kare yana dalala, yana kakari kamar ƙashi ya maƙale masa, halinsa kuma ya sake, kada ka sa hannu cikin bakinsa. Mai yiwuwa haukan kare ne. Wani masani na Faransa, Louis Pasteur, ya fara yi wa mutum allurarsa cikin 1885, ana kuwa yin ta karnuka a Vom, kusa da Jos. In ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira ciwo ya bayyana, gama in ya bayyana ba shi da magani.