Kafin Ku Sayi Injin Ozon Don Rijiyar Unguwa

Wani mai karatu daga Dawaki, a yankin Rano da Kibiya, ya aiko da tambaya. Ƙungiyarsu ta tara kuɗi don gyara rijiyar burtsatsen unguwa, sai aka yi musu tallar injin ozon, aka ce da shi sun rabu da taifod da amai da gudawa. Su saya ko su bari?

Malam, mai tallar bai yi ƙarya ba game da ƙarfin abin. Ozon iskar oksijin ce mai ƙwaya uku maimakon biyu, kuma ƙwayar ta ukun ba ta da zama: da ta haɗu da ƙwayar cuta sai ta farfasa bangonta. Birnin Nis na Faransa yana tsabtace ruwansa da ita tun 1906. A 1993, wata ƙwayar cutar gudawa da kulorin ba ya iya kashewa cikin sauƙi ta kwantar da mutum kusan 400,000 a Milwoki ta Amurka, daga baya birnin ya ƙara da ozon. Tana kuma kawar da wari da ɗanɗanon da ke sa mutane ƙin ruwa.

Sai dai ozon wutar kara ce. Cikin 'yan mintuna take komawa oksijin, kuma zafin ƙasarmu yana ƙara mata saurin mutuwa. Shi ya sa ba a sayar da ita a kwalba, sai dai inji ya haɗa ta nan take da lantarki. To, bi ruwan nan daga bakin famfo. Ɗan garuwa ya tara shi a jarkar da ta yi kore daga ciki, ya turo kura har ƙofar gida, a juye a randa, yaro ya dawo daga wasa ya zura moɗa har da hannunsa. A duk wannan tafiya babu sauran ozon da za ta kare ruwan. Kulorin kuwa yana zama cikin ruwa, yana ci gaba da aiki har cikin randa. Ko manyan matatun da ke amfani da ozon, galibi sukan ƙara kulorin kafin su saki ruwa cikin bututu.

Don haka abu na farko, ku kai ruwan ɗakin gwaji, a duba ƙwayoyin cuta da ƙarfe da naitiret, wato gubar da kan zubo daga takin zamani da masai. Wannan na ƙarshe ya dame ni ƙwarai a yankin da ake noma da taki sosai, don yana cutar da jarirai, kuma ozon ba ta cire shi, tafasawa ma ba ta cire shi. Na ƙarfe kuwa kuna iya ganin alamarsa da kanku: ku cika farin bokiti da yamma, ku duba da safe. In kun tarar da jan laka a gindi, ƙarfe ne. Ozon tana mayar da shi gari-gari, amma sai an bi da matacin yashi, in ba haka ba ruwan ya fito ja fiye da dā.

Injin kansa ɗan lallaɓa ne. Busasshiyar iska yake so, da damina kuwa laima tana rage masa ƙarfi, tana kuma cin kayan cikinsa. Robar tiyo ta yau da kullum tsattsagewa take yi idan ozon ta daɗe tana ratsa ta. Shaƙar iskar tana ƙona maƙogwaro da huhu, don haka ba a ajiye shi a rufaffen ɗaki inda yara ke shiga. Ku tambayi mai tallar: wa zai gyara in ya lalace, kuma a Kano ake samun kayan gyaran ko sai an yi oda?

Wanda injin zai yi wa rana shi ne mai masana'antar ruwan leda, don shi yana rufe ruwansa nan take. Shi ma sai ya fara tacewa, ya sami tsayayyiyar wuta ko sola, ya yi rajista da NAFDAC, ya riƙa gwada sinadarin buromet, wanda ozon kan haifar a wasu ruwaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikurogiram 10 a lita.

Ku kuwa, kuɗin nan ku fara da daɓe bakin rijiyar da siminti, ku yi wa ruwan da ke zuba magudana, ku tabbatar babu masai a tsakanin mita 30. Ku riƙa wanke tanki, ku zuba kulorin bisa awon da ma'aikacin lafiya zai nuna muku, a jira minti 30 kafin a sha. Idan ruwan ya yi gurɓi, a fara kwantar da shi da alif. A gida kuma, iyayenmu mata, a rufe randa, a ware mata moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a shan ruwa da ita. Injin ozon ku bar shi tukuna.